Yadda Ake Tsarkake Bututun Kabon na Nano da Sinadarai Ba Tare da an Lalata Shi ba

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar ɗanyen nanotub ya san abin da zai gani: baƙin gari mai saurin tashi, kamar kunkunniyar da ke maƙale a rufin madafa. A takardar jikin kwalbar an rubuta bututun kabon, amma abin da ke ciki gauraye ne. Akwai bututun, akwai kabon da bai samu tsari ba, akwai ƙwayoyin ƙarfen da aka yi amfani da su wajen tsiro da bututun, wani lokaci har da garin da aka shimfiɗa ƙarfen a kansa wajen haɗawa. A wasu samfura ƙarfen kaɗai kan kusa kashi 30 cikin ɗari na nauyin garin. Ɗalibin da ya ɗebi wannan gari ya zuba a gwajin tace ruwa ko na batir, ya samu sakamako mai faranta rai, bai san wa ya yi masa aikin ba, bututun ne ko ƙarfen. Wannan ne ya sa nake ɗaukar tsarkakewa a matsayin rabin binciken, kuma shi ya sa na zauna na rubuta yadda ake yinta daki-daki.

Shi bututun, shimfiɗar kabon ce mai zobba masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma, aka naɗe ta ta zama kara mai rami. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya bayyana mai bango da yawa a 1991, sannan a 1993 aka samu mai bango ɗaya. Kaurin mai bango ɗaya bai wuce nanomita 1 zuwa 2 ba. Gashin kai ya fi shi kauri sau dubu hamsin ko fiye. Matsalar ita ce mafi yawan dattin da ke tare da shi shi ma kabon ne. Sinadarin da zai ci dattin yana iya cin bututun, bambancin kawai wanda zai riga ƙarewa. Aikin kamar surfe yake: ka sassauta taɓarya dusa ta ƙi fita, ka matsa ka niƙe hatsin. A 1994 Thomas Ebbesen da abokan aikinsa sun ƙona gari a iska da zafin digiri 750 na ma'aunin Salsiyos, suka samu bututai masu tsabta, amma kusan kashi 99 cikin ɗari na abin da suka zuba ya ƙone. Duk dabarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na rage wannan hasara.

Mataki na farko: san yadda aka haɗa garinka

Kafin ka taɓa kwalbar asid, nemi takardar da ta zo da garin, ko littafin wanda ya haɗa shi. Hanyar haɗawa ita ke faɗa maka dattin da za ka tarar.

Idan da tartsatsin lantarki tsakanin sandunan girafait aka yi, mai bango ɗaya kan zo da nikel da itiriyom, ga kunkunniya mai yawa, ga ƙwallayen kabon masu rami da ake kira fularin, ga dunƙulen girafait masu ɓawo kan ɓawo kamar albasa. Idan da hasken leza aka yi, yawanci nikel da kobalt ne. Hanyar HiPco, wadda ƙungiyar Richard Smalley ta fito da ita a Jami'ar Rice da ke Tekzas, baƙin ƙarfe take bari. Hanyar CoMoCAT ta Jami'ar Okalahoma tana amfani da kobalt da molibdenom a kan silika. Wanda kuma aka fi yi a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i shi ne a bi da iska mai kabon, kamar asetilin ko mitan, ta kan ƙarfe cikin tanderu; a nan za ka samu baƙin ƙarfe ko kobalt ko nikel tare da shimfiɗarsu, wato magnesiya ko alumina ko silika ko farar ƙasa ta kalsiyom kabonet.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi. Kara maganaɗisu a jikin kwalbar ka ja shi sama. Idan garin ya biyo shi yana hawa gilashin, ƙarfe na nan da yawa.

Mataki na biyu: kare kanka

Ba zan wuce wannan da sauri ba, domin na ga yadda ake wasa da shi. Busasshen garin nanotub yana tashi ya shiga huhu. A 2013 hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada abin da ma'aikaci ke shaƙa ya wuce maikurogiram 1 a kowace mita kubik ta iska cikin awa 8 na aiki, kuma a 2014 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wani nau'i mai bango da yawa, MWCNT-7, cikin abubuwan da ka iya jawo sankara. Saboda haka a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake awo, da takunkumi mai tace ƙura sosai, da tabarau, da safar hannu. Kashe fankar sama kafin ka buɗe kwalba. A lokacin hunturu iska kan bushe ƙarau, sai ka ga garin yana tsalle daga cokalin awo yana manne wa safar hannu da bakin kwalba. Maganinsa ka ɗiga masa ruwa ko itanol bayan ka auna, ya zama laka. Abin da ya zube, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ba a sharewa da tsintsiya.

Wajen asid, dokoki uku ne ba a sassautawa. Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ba a haɗa sharar asid na naitirik da asiton ko itanol a kwalba ɗaya, domin iska na taruwa kwalbar ta tarwatse, wani lokaci bayan awanni, lokacin da wani daban ke tsaye a wurin. Na uku, ba a yin wannan aiki kai kaɗai a ɗaki.

Mataki na uku: auna kafin ka wanke

Wanda bai auna ɗanyen garin ba, ba shi da abin da zai kwatanta da wankakken. Ware miligiram 100 na ɗanye ka ajiye, kada ka taɓa shi sai wajen gwaji.

Gwaji mafi amfani shi ne na ƙonawa a kan sikeli, wanda aka sani da TGA. Ana sa miligiram 5 zuwa 10 cikin ɗan kasko, a riƙa ƙara zafi digiri 5 a minti cikin iska har zuwa 900, na'urar tana rubuta nauyi. Kabon maras tsari shi ke fara ƙonewa, yawanci ƙasa da digiri 400. Mai bango ɗaya ya biyo baya, mai bango da yawa kuma ya fi jurewa, yakan kai wajen 600. Abin da ya rage toka ce. Ka kula da abu biyu. Ƙarfe yana hura wutar ƙonewa, don haka ɗanyen gari kan ƙone a zafin da bai kai na wankakke ba. Sannan tokar tsatsa ce, ta sha oksijin ta ƙara nauyi. Idan baƙin ƙarfe ne, tokar za ta fito ja-ja kamar jar ƙasa, kuma kashi 70 cikin ɗari nata ne ƙarfe. Misali ka ƙona miligiram 10, toka ta rage 3, to ƙarfen miligiram 2.1 ne, wato kashi 21 cikin ɗari. Idan akwai alumina ko magnesiya, su ma suna cikin tokar, lissafin ya canza.

In babu wannan na'ura a kusa, sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo da tanderu sun wadatar. Gasa kaskon tangaram babu komai, bar shi ya huce a tukunyar busarwa, auna shi, zuba miligiram 100, ƙona a digiri 850 na awa biyu, sake aunawa. Ba zai ba ka zanen ƙonewa ba, amma zai ba ka yawan toka, kuma da wannan lamba kaɗai za ka iya bin diddigin aikinka daga farko har ƙarshe.

Gwaji na biyu shi ne Raman, wato a haska garin da leza, na'ura ta zana layukan hasken da ya dawo. Layi biyu za ka duba: na G a wajen 1590, wanda ke nuna kabon mai tsari, da na D a wajen 1350, wanda ke nuna tabo da kabon maras tsari. Raba tsayin D da na G ka rubuta. Idan bayan wanki wannan lamba ta sauka, ka yi gyara. Idan ta hau, ka yi ɓarna. Hoton madubin lantarki na TEM yana da kyau, shi zai nuna maka baƙaƙen ɗigogin ƙarfe cikin ɓawonsu, amma ɗan wuri kaɗan yake gani. Kada ka yanke hukunci kan giram guda da hoto ɗaya mai kyau.

Mataki na huɗu: wanke fularin, in akwai

Wannan na garin tartsatsi da na leza ne. Jiƙa shi cikin toluwin, motsa na awa ɗaya ko biyu, tace. Ruwan zai fito da launin shunayya ko ja mai duhu. Maimaita har ya fito garau, sannan ka busar da garin sarai, domin ba a kai ragowar toluwin kusa da tanderu ko naitirik. Mai garin da aka haɗa da iska a tanderu yana iya tsallake wannan.

Mataki na biyar: fasa ɓawon da ɗan zafi

A nan ne dabarar take, kuma a nan aka fi kuskure. Mutum ya jiƙa gari cikin asid kwana guda, ya ƙona, ya ga toka ba ta ragu ba, sai ya ce asid ɗin jabu ne. Asid lafiyarsa ƙalau. Ƙwayoyin ƙarfen ne ke lulluɓe cikin ɓawon kabon, asid bai isa gare su ba.

Masu bincike a Jami'ar Rice sun bayyana mafita a 2001 kan garin HiPco. Suka bi da iska mai laima, gaurayen agon (iskar da ba ta ƙona komai) da oksijin, ta kan garin a wajen digiri 225 na awanni da yawa. A wannan ɗan zafi bututun ba ya ƙonewa, amma oksijin na kutsawa ya mai da ƙarfen tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfe cin wuri: nauyin baƙin ƙarfe kusan giram 7.9 ne a kowane santimita kubik, na tsatsarsa kuwa wajen 5.2. Sai ƙwayar ta kumbura ta tsaga ɓawonta daga ciki, kamar yadda iri ke fasa kwasfarsa. Daga nan asid mai sauƙi ya isa ya kwashe ta.

Yadda za ka yi: baza garin a faffaɗan kasko, kaurinsa kada ya wuce milimita biyu ko uku. Idan ka tara shi tsibi, tsakiyar kan yi zafi fiye da abin da tanderu ke nunawa, ta kama da wuta, ka buɗe ka tarar da jar toka. Idan tanderunka mai bututu ne, ka bi da iskar ta cikin kwalbar ruwa kafin ta shiga, ta ɗauki laima.

Wane zafi? Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane gari, kuma ina roƙonka kada ka kwafi ta wani ka zuba duk abin da kake da shi. Ɗebi kashi biyar, miligiram 30 kowanne. Gasa su ɗaya bayan ɗaya na minti 30 a digiri 250, 300, 350, 400 da 450, kana auna kowanne kafin da bayan. A ƙananan zafi kana iya ganin nauyi ya ɗan ƙaru. Kada ka tsorata, ƙarfen ne ke shan oksijin. Daga nan nauyi zai fara raguwa a hankali, sai a wani zafi ya rufta gaba ɗaya. Wurin da ya rufta shi ne inda bututun ya fara ci. Koma baya da digiri 30 zuwa 50, nan ne wurin aikinka. Mai bango ɗaya mai ƙarfe da yawa yakan tsaya tsakanin 225 da 350, mai bango da yawa yana jure 400 zuwa 500. Yinin da ka ɓata kan wannan gwaji ya fi maka wata guda na jiran sabon gari.

Mataki na shida: narkar da ƙarfen da HCl

Asid na haidirokilorik shi ne na fi so a duk wannan aiki, saboda yana cin ƙarfe da tsatsa amma ba ya cin bangon kabon. Na kwalba mai kashi 37 cikin ɗari mola 12 ne (mola ma'aunin ƙarfin sinadari ne a cikin ruwa). Ka haɗa shi da ruwa rabi da rabi ka samu mola 6. Ga giram ɗaya na gari, mililita 250 zuwa 500 sun isa. Sa filas ɗin cikin bahon girgiza da sauti na minti 15 zuwa 30 don dunƙulen su warware. Kada ka zarce, domin doguwar girgiza tana gutsuttsura bututai. Sannan ka motsa na awa 4 zuwa 12, a zafin ɗaki ko a ɗan ɗuma zuwa digiri 60.

Ka tsaya ka kalli launin ruwan bayan garin ya kwanta, shi ke ba ka labari. Baƙin ƙarfe rawaya yake bayarwa. Nikel kore. Kobalt shuɗi ne cikin asid mai ƙarfi, da ka sirka da ruwa sai ya koma ruwan hoda. Idan ruwan ya tsaya fari tas alhali ka san garin na da ƙarfe, ɓawon bai fashe ba, koma mataki na biyar. Ka kuma duba ɗan maganaɗisun motsawa idan ka ciro shi: baƙin gashin da ya manne masa ƙwayoyin ƙarfe ne da suka ƙi narkewa. Goge su ka ware, kada ka mayar cikin filas.

Shimfiɗar magnesiya da ta farar ƙasa suna narkewa a wannan asid, shi ya sa nake ba mai shirin haɗa nasa shawara ya zaɓe su tun farko. Farar ƙasa tana kumfa sosai, don haka a zuba asid kaɗan-kaɗan. Alumina da silika sun fi taurin kai. Ana dafa su cikin ruwan soda mai ƙarfi, wato NaOH, cikin mazubin da ba gilashi ba, tunda sodar mai zafi na cin gilashi. Wannan wankin kuma yana kwashe tsatsar molibdenom. Wasu na amfani da asid na HF don silika. Yana aiki, amma yana ratsa fata ya kai ƙashi, sau da yawa ba tare da zafi nan take ba. In ba a horar da kai a kansa ba, kuma babu man kalsiyom gulukonet a kan tebur, ka bar shi.

Mataki na bakwai: tacewa da ɗauraya

Sirka ruwan asid ɗin da tsarkakakken ruwa sau biyar zuwa goma kafin ka tace. Takardar tace ta yau da kullum ba ta yi, bututai na shigewa cikin zarenta su ƙi fita. Faifan tace na PTFE, wata roba mai jure asid, mai huda maikuron 0.2 ko 0.45 ake so, tare da famfon zuƙo. Irin PTFE ɗin da ba ya son ruwa sai ka fara jiƙa shi da ɗan itanol, ka bi shi da ruwa sosai, musamman idan abin da za ka tace na da naitirik. Faifan polikabonet yana da santsi, garin na ɓamɓaruwa daga kansa cikin sauƙi, sai dai ba ya jure soda ko asid mai ƙarfi.

Kuskuren da aka saba shi ne a yi ta zuba ruwa a kan wainar da ta taru a faifan. Wainar kan tsage, ruwa ya bi tsagar ya wuce, cikinta na nan da asid. Kwashe ta, mayar cikin bika, dama da sabon ruwa, sake tacewa. Sau uku ko huɗu. Za ka san ka gama ta hanyoyi uku: takardar pH ta nuna 6 zuwa 7, ɗigon silba naitiret bai sa ruwan da ya tsiyaye ya yi fari kamar madara ba, alamar kilorin ya ƙare, ɗigon potasiyom tayosayanet bai mai da shi ja kamar jini ba, alamar baƙin ƙarfe ya ƙare.

Busar da kaɗan ka ƙona don ganin toka. Idan ta sauka zuwa kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, ga yawancin ayyuka ka isa. Idan har yanzu tana da yawa, maimaita gashi da HCl, ka ƙara zafin da digiri 25 zuwa 50. Zagaye biyu ko uku masu laushi sun fi bugu ɗaya mai tsanani.

Mataki na takwas: naitirik, ga wanda yake buƙata

Wannan ita ce hanyar da ta fi shahara, kuma ita ce aka fi zaluntar bututu da ita. Naitirik yana narkar da ƙarfe, yana cin kabon maras tsari, amma yana buɗe bakin bututu, yana huda bango, yana dasa rukunan COOH, wato 'yan ƙullin kabon da oksijin da haidirojin masu halin asid, a duk inda ya samu tabo. A 1998 ƙungiyar Rice ta dafa garin leza cikin naitirik mola 2 zuwa 3 na awa 45, mutane da yawa suka bi sahu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsawaita dahuwa da ƙara ƙarfin asid suna cinye mai bango ɗaya su mai da shi sabon datti. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Yaushe ya dace? Idan kunkunniya ta yi yawa, ko kuma kana son rukunan COOH da gangan, don bututun ya watsu cikin ruwa, ko ya kama gubar dalma da makamantanta a gwajin tace ruwa. In don ɗaukar lantarki ko ƙarfafa roba kake so, ka yi ƙoƙari ka tsaya a HCl.

Mola 3 ake haɗawa: daga kwalba mai kashi 65 cikin ɗari, kimanin mililita 210 cikin ruwa, a cika zuwa lita ɗaya. Duba lambar kwalbarka, don wasu kashi 69 ko 70 ne. Zuba mililita 150 zuwa 200 ga kowane giram cikin filas mai zagayen gindi, kada ya wuce rabinsa, ɗora kondensa mai mayar da tururi, bar samanta a buɗe, dafa a hankali. Ga mai bango ɗaya fara da awa 6, kada ka wuce 12. Mai bango da yawa yana jure fiye da haka. Jan hayaƙin da za ka gani yana tashi guba ne, kuma illarsa ga huhu na iya ɓoyewa sai bayan awanni.

Na taɓa barin irin wannan dahuwa na fita sallar la'asar, ruwan famfon da ke sanyaya kondensa ya ɗauke, wuta kuwa tana nan. Na dawo na tarar akwatin ya cika da jan hayaƙi, kondensa ta yi zafi, asid ya ƙafe ya kusa rabi, wato ƙarfinsa ya ninka a kan garin. Raman ya nuna layin D ya haura, aikin mako biyu ya tafi. Tun daga ranar bokiti nake ajiyewa da ɗan famfon tankin kifi da ƙanƙara, ruwan na zagayawa, kuma ba na barin dahuwa ta kwana ba mai kallo. Idan aka ɗauke wuta, cire filogin na'urar ɗumawa nan take, kada wutar ta dawo da dare ta ci gaba da dafawa ba kowa.

Za ka ga ana ambaton gaurayen salfurik da naitirik kashi 3 da 1. Wannan na yanka bututai gajeru ne, haka masu shi suka yi amfani da shi a 1998. Kada ka ɗauke shi sabulun wanki. Akwai kuma hanya mai laushi da ta dace da garin mai baƙin ƙarfe: haɗa haidirojin feroksaid da HCl a digiri 40 zuwa 70 na wasu awanni. Ƙarfen da kansa ke tunzura feroksaid ya ci ɓawon da ke kewaye da shi, asid kuma ya kwashe ƙarfen da ya bayyana. Yana kumfa yana zafi, don haka babban bika, zubi kaɗan-kaɗan, kuma ba a toshe bakinsa.

Mataki na tara: wankin soda bayan naitirik

Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Naitirik yana barin gutsattsarin kabon masu ɗauke da oksijin, suna manne a jikin bututai kamar danƙo. Ruwa ba ya cire su, kuma kaso mai yawa na rukunan COOH da kake zaton suna kan bututu a kansu suke. Dama wainar cikin NaOH mai sauƙi, mola 0.01 zuwa 0.1, motsa na awa ɗaya, tace a PTFE. Ruwan zai fito ruwan kasa kamar shayin da ba madara, duk da cewa wankin ruwa na baya fari ya fito. Maimaita har launin ya ɓace. Sannan ka ɗauraye da HCl mai sauƙi, ka bi da ruwa.

A wannan gaɓa tacewa na yin nawa, kuma idan da na'urar juyi kake rabawa za ka ga ruwan sama ya fara baƙi ya ƙi washewa yayin da asid ke raguwa. Bututan ne suka fara watsuwa cikin ruwa. Kada ka zubar da shi; ɗiga ɗan HCl, za su dunƙule su kwanta.

Mataki na goma: busarwa da gashi cikin agon

Busar a digiri 80 zuwa 110 na dare guda. Wainar da ta bushe daga ruwa kan ƙanƙance ta yi tauri, ta yi wuyar warwarewa daga baya. In ka yi ɗauraya ta ƙarshe da itanol, bayan ka tabbata babu sauran naitirik, za ta fi laushi.

Idan kana son rukunan COOH, aikinka ya ƙare a nan. Idan bango mai lafiya kake so, sa garin a tanderu mai bututu, bi da agon na minti 30 kafin ka kunna don korar iska, hau zuwa digiri 800 zuwa 1000, tsaya awa ɗaya. Rukunan oksijin za su fita a matsayin iska, layin D ya sauka. Kada ka rufe agon sai zafi ya sauko ƙasa da 200, ko da an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, domin iska kaɗan ta shiga a digiri 800 ta isa ta cinye komai. Ka duba silinda tun kafin ka fara, ka tabbata agon ɗin zai kai har hucewa.

Daga nan sake ƙonawa da Raman, ka ajiye sakamakon gefen na ɗanyen da ka ware. Abin da kake so ka gani shi ne toka ta ragu, zafin ƙonewa ya ƙaru, D bisa G ya sauka ko ya tsaya inda yake. Ka rubuta nauyin da ka fara da shi da wanda ka ƙare da shi. Idan ɗanyenka na da datti kashi 30 cikin ɗari amma ka rasa kashi 80, rabin garin da ka zuba bututu ne da ka ƙona ko ka narkar, kuma zafin gashi ko tsawon naitirik ne wurin da za ka fara dubawa a zagaye na gaba.

Zuba wankakken cikin kwalbar gilashi mai murfi, ka rubuta kwanan wata, zafin gashi, irin asid da awanninsa, da yawan toka. Sharar asid a kashe kaifinta da soda a hankali cikin babban mazubi, amma ko bayan haka ba ta shiga kwata, saboda nikel da kobalt da ke cikinta. A tara ta a jarka mai suna. Faifan tace da tsummokin da suka yi baƙi a ɗaure su cikin leda biyu tun suna jiƙe.